Gida Ɗaya, Tushe Huɗu

Tun da aka sa ranar auren, Sirkka Rautio ta daina tafiya irin ta mai shekara saba'in da ɗoriya. Ƙawarta Tuula ta rantse ta gan ta tana tsallake ruwan da ya kwanta a bakin titi da ƙafa ɗaya, ita da bara sai ta dafa bango take saka takalmi. Abu kaɗan sai dariya. Ta ƙona burodi, ta yi dariya. Ta zuba wa fasto gishiri a gahawa, ta yi dariyar da sai da ta nemi kujera. Duk wanda ya san ta a shekarun da ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a garin Thunder Bay, fuska a murtuke, ido ɗaya a titi ɗaya a madubi, cewa zai yi musanya ta aka yi.

Wanda ya jawo wannan abu shi ne Orest Wasylyk, maƙwabcinta na baya. Lungu ɗaya ne ya raba bayan gidanta da bayan nasa, lungun da motar shara take bi, wanda in ka miƙa tsintsiya daga wannan ƙofa sai a karɓa daga waccan. Tsohon ma'aikacin rumbunan alkama ne na bakin tafki, ga sanƙo, ga surutu, ga cika baki. Matarsa ta rasu, mijin Sirkka ma, Veikko, ya daɗe a ƙasa. Sun yi shekaru suna gaisuwar ɗaga hannu daga nesa, ba abin da ya haɗa su sai da gwamnati ta halatta wiwi.

Ita Sirkka ko sigari ba ta taɓa kaiwa baki ba. Gwiwa ce ta kai ta. Aka ce mata in an dafa furen da man kwakwa ana shafawa a ji sauƙi, ta ce in dai doka ta yarda, to, ba laifi. Ta sayo iri a shago mai lasisi, ta shuka tushe huɗu cif kamar yadda doka ta ce, a cikin manyan bokitai masu taya, tana tura su suna bin rana, in an ce za a yi sanyi ta tura su cikin rumfa. Ta raɗa musu sunayen 'yammatan da suka fi ba ta wuya a mota: Kayla, Brandi, Tiffany, da Ƙanwar Brandi. Ta ce su ma sai an sa musu ido.

Orest kuwa a ƙasa ya dasa nasa, yana ɗura musu takin kifi har unguwa ta ɗauki ƙarni. Babbar cikinsu ta wuce rufin gareji, ya sa mata suna Sarauniya, yana cire mata hula da safe. Wata rana ya leƙo ta saman shinge ya ce, "Madam Rautio, waɗannan naki wiwi ne ko na'a-na'a?"

Ta ce, "Naka fa, wiwi ne ko girman kai?"

Daga nan aka fara. Daga zagin shuka aka koma musayar taki, daga taki aka koma gahawa da burodin pulla a barandarta, har ranar da ya zo aron almakashi ya tsaya yana murza hula, ya ce shi fa ya gaji da cin abinci yana kallon bango. Ta ce, "To ka juya kujerar mana." Ya ce aure yake nufi. Ta ce ta sani, so take ta ji ya faɗa da bakinsa.

Ba wanda ya zauna ya yi shawarar gidan da za a zauna. Gidan Orest mai bene ne, kicin ɗinsa ya yi biyun nata, kuma ai amarya ce take tarewa. Haka kowa ya ɗauka, har ita. Ta fara haɗa kaya a kwalaye, shi kuma yana zuwa taya ta, ko kuwa a ce yana zuwa hana ta aiki da hira. Ta ɗauko tukunyar da take dafa miyar kifi, ya ce, "Bar ta, Sirkka, akwai a can." Ta nuna teburin da ta yi shekara arba'in tana murza burodi a kai, ya ce akwai a can, har ya fi faɗi. Kujera, labule, agogon bango, duk akwai a can. Ba da mugunta yake faɗa ba, shi a ganinsa wahala yake rage mata. Ita ma dariya take yi, ta tura abin gefen kayan da za a kai wa coci bayan biki. Abu ɗaya ne ba ta taɓa tambaya a kansa ba, wato 'yammatanta huɗu, domin su da tayarsu, tura su kawai za a yi.

Ana cikin makon biki, ƙarshen Agusta, Orest ya haɗa cin abinci a bayan gidansa. Matan cocinsu sun aiko da perogi cike da roba, wato 'yan ƙulle-ƙullen fulawa masu dankali a ciki, ya soya da albasa da man shanu. 'Yarsa Larysa ta biyo daga wurin aiki da kakinta na 'yan sanda, ta zauna tana ci da sauri irin na mai jin yunwa. Orest ya miƙe da cokali a hannu yana nuna wa amaryarsa filin da ya share kusa da Sarauniya.

"Nan Kayla, nan Brandi, can sauran biyun. In suka jeru da nawa, takwas ke nan. Sai mutane sun dinga zuwa kallo har daga unguwar Fort William!"

Larysa ta ƙware. Sai da Sirkka ta bubbuga mata baya kafin ta iya magana.

"Tato, huɗu ne fa." Tato take kiransa, wato Baba a harshensu.

"Na sani mana. Huɗu nawa, huɗu nata."

"Huɗu a gida, Tato. Ba huɗu a kai ba. Doka ba kai take ƙirgawa ba, ƙofa take ƙirgawa."

"Wace irin magana ce wannan? Ni da ita mutum biyu ne."

"Ko ku goma ne, har da fasto da matarsa, in dai gida ɗaya kuke kwana, huɗu ne."

Orest ya dubi Sirkka, Sirkka ta dubi faranti. Kunya ce ta kama ta, ita da take taƙama ba dokar da ta shige mata duhu. Rabin unguwar nan haka suka ɗauka, domin kowa a gidansa shi kaɗai yake shuka, ba wanda ya taɓa auren mai shuka ɗan'uwansa balle ya gano.

"Gareji fa?" in ji Orest. "Yana da ƙofa, yana da rufi. Na sha kwana a ciki zamanin mahaifiyarki in na yi laifi."

"Gareji ba gida ba ne, Tato, hukunci ne."

Suka kwashe da dariya su uku. Sirkka ta share ido ta ce ai abin mai sauƙi ne, biyu nasa, biyu nata, an wuce wurin. Ita har ta zaɓa: Kayla da Ƙanwar Brandi za su zo, sauran biyun dama sun cika taurin kai.

Orest ya ce haka ne, haka ne, ya juya yana duban nasa. Sarauniya dai ba a maganarta. Ta kusa da ita ƙamshin lemo take yi, irinta ba ya samuwa. Ta ukun shi ya rufe ta da rigarsa ranar da aka yi ruwan ƙanƙara, har ya yi mura a kanta. Ta huɗun kuwa ƙarama ce, marainiya, wa zai iya ɗaga mata hannu? Ya yi ta zagaya su yana tsaki, perogi yana hucewa a faranti.

Larysa ta ce bari ta ga na Sirkka, ko za a san yadda za a yi. Suka tsallaka lungu su uku. 'Yammatan suna jere a rana, gajeru, cike da ganye, ko ɗaya bai yi rawaya ba. Larysa ta sunkuya, ta ga fararen zare sun fito a kan kowane reshe kamar gemun masara. Ta ɗago a hankali.

"Sirkka, yaushe suka fara wannan?"

"Makon jiya. Ba su yi kyau ba? Sun riga na babanki, ki faɗa masa."

"Sun yi kyau. Amma ba za su tsallaka lungun nan ba."

"Saboda me? Ga taya."

"Shukar da ta fara fure ba a fita da ita inda jama'a ke bi. Da wata guda baya ne, sai ki tura su har bakin tafki ku sha iska. Yanzu kam ko ƙofa ba za su leƙa ba."

Orest ya daki cinya. "Wace jama'a? Lungun nan daga motar shara sai kyanwar Madam Belluz!"

"Na gari ne, Tato. Hanyar kowa ce."

To fa, nan kan Orest ya ɗauki wuta. Ya ce a lulluɓe su da zanin gado, in an tambaya a ce baƙi ne daga garin Winnipeg ba sa son rana. Larysa ta ce a'a. Ya ce a ɗaura igiyar shanya daga barandar Sirkka zuwa tasa, irin mai zagayawa a kan 'yar taya, a rataya bokiti a ja ta sama, ai ba su taka lungu ba. Larysa ta ce saman lungu ma lungu ne. Ya ce to ƙasansa fa? Shi ya yi shekara talatin yana sheburin alkama, rami ɗaya ba zai gagare shi ba. Ya ce ko Larysa ta je ta sayo madara a shago, ta daɗe tana zaɓa. Sirkka tana riƙe da ciki, hawaye yana zuba, tana cewa, "Ka bari, tsoho, za ka kashe ni kafin Asabar!" Amma ko a cikin dariyar ta gaya masa kada ya ɓata bakinsa. Ita ce matar da take tsayar da mota ta buɗe ƙofa ta saurara a layin dogon da aka daina bi tun yaran ba su zo duniya ba. Ba za ta fara satar hanya da furfura ba.

Da ta sami numfashi ta ce, "To shi ke nan, a bar su a nan. In na tare sai in dinga leƙowa ina ba su ruwa har su nuna."

Larysa ta girgiza kai, wannan karon ba dariya a fuskarta. "Sai a gidan da kike zaune, Sirkka. In kin tare can, nan ba gidanki ba ne kuma."

A nan ne Orest, Allah sarki, ya fahimci cewa ba sai ya sare ko ɗaya daga cikin nasa ba, kuma murna ta riga hankalinsa isa baki. Ya tafa hannu.

"To ai doka ta raba gardama! Bar su, Sirkka, akwai a can. Huɗu reras, kuma kowace ta yi ukun naki."

Dariyar Sirkka ta tsaya cak. Ta dube shi, ta dubi bokitanta. Larysa ta rufe ido kamar mai ciwon haƙori, ta yi sauri ta ce ai akwai wata hanya: a ɗaura aure ranar Asabar, kowa ya ci gaba da kwana a gidansa har a girbe, wata guda ne kawai, baɗi sai a yi biyu-biyu.

"Ashe haka ne," in ji Sirkka. Muryar da ta fito ita ce tsohuwar muryar mota, wadda take sa yaron da ke kujerar ƙarshe ya zauna. "Maƙwabta takwas, ma'aurata huɗu. Ashe doka ta fi ƙaunar maƙwabta. To mu zauna a maƙwabtanmu, Malam Wasylyk. Ka gaya wa matan coci su daina murza ƙullu."

"Haba, Sirkka, a kan ganye?"

"Sai da safe. Ku ja mini ƙofar, sai an ɗaga ta take rufuwa."

Ta san ba a kan ganye ba ne, kuma wannan ya fi ba ta haushi, domin da a kan ganye ne da ta huce kafin gahawa ta tafasa. Ta zauna a tsakiyar kwalaye ta yi baƙin ciki sosai. Tana yarinya ta bar gonar iyayenta ta bi Veikko gari, ta shiga gidan uwarsa da akwati ɗaya, ta yi shekaru tana tambayar inda ake ajiye cokali. Wannan ɗan gidan ne na farko da ta san inda komai yake ko da ido a rufe. Yanzu ga ta za ta sake shiga wani gidan hannu rabbana, a nuna mata ƙugiyar da za ta rataya riga. Tana son Orest, son da har kunyarsa take ji a shekarunta. Amma ta ga in ta tsallaka lungun nan haka, baƙuwa za ta zama har ta mutu, baƙuwar da ake ji da ita.

Wayarta ta yi ta ƙara, ta ƙi ɗauka. Ya ajiye mata kwanon perogi a bakin ƙofa, kyanwar Madam Belluz ta yi biki. Ya tsaya a bayan shinge yana tari irin na neman magana, ta juya masa baya tana ba Tiffany ruwa.

Ranar Juma'a da rana sai ga Tuula, da hular gashinta sabuwa, da damin ɗanyen reshe a hammata, da tsiran alade a jaka. Ba ta ko shiga gida ba, ta wuce ɗakin sirace da Veikko ya gina a bayan gida, ta hura wuta a ƙarƙashin duwatsu.

"Me kike yi?" in ji Sirkka. "Ba ki ji an fasa ba?"

"Na ji. Ni dai a Finland da nan duk ban taɓa jin amaryar da aka kai ba a yi mata siracen amare ba. Na sayi takalmi mai tsini saboda bikin nan, yatsuna sun yi mako suna kuka. Tuɓe ki shiga, yarinya."

"Babu ango fa."

"Ango kayan ado ne. Shiga."

Suka hau benci na sama, Tuula ta watsa ruwa a kan duwatsu, turiri ya taso ya dake su a kunne. Ta ɗauki damin reshe ta shiga tsula wa Sirkka a baya, kowane duka da sunan wani tsohon saurayi, wai a kore su kada su bi ta ɗakin miji, kamar yadda ake yi. Ta kira mai kawo madara, ta kira wani makanike mai haƙorin zinariya, ta kira malamin lissafi da ya taɓa ba Sirkka alewa a gaban mota.

"Wannan ai tari nake yi ya ba ni!"

"Haka suke farawa."

Sirkka ta yi iya ƙoƙarinta ta ɗaure fuska, abin ya gagara. Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, a cikin gumi ba mai iya bambancewa. Tuula ta ajiye reshen ta zauna kusa da ita.

"Kin gaya masa abin da ke ranki?"

"In sai na gaya masa, me ya rage?"

"Ke, namiji ne fa, kuma ɗan Ukraine. Nawa mijin sai da na yi shekara ashirin ina haɗa rai kafin ya lura na canza launin gashi."

Sirkka ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai suka ji wani sauti daga waje, gurr-gurr, gurr-gurr, kamar mai minshari da ƙarfi. Suka kasa kunne. Tuula ta ce wannan zarto ne. Sai ga muryar Larysa ta tashi har cikin ɗakin: "Tato, a hankali! Ta nan za ta faɗi!"

Yadda suka fito ba abin faɗa ba ne a coci. Kowace da tawul ɗaure a ƙirji, jiki jawur, ganye manne a kafaɗa, turiri yana tashi daga kansu kamar dankalin da aka sauke yanzu. Sirkka ta isa shinge ta leƙa.

Uku sun riga sun kwanta a bayan gidan Orest: mai ƙamshin lemo, da wadda ya yi wa mura, da marainiya. Shi kuma yana durƙushe a gindin Sarauniya da zarto, sanye da wandon kwat ɗin biki da singileti, sanƙonsa yana ƙyalli da gumi. Larysa ta ɗaura igiya a tsakiyar shukar tana ja. Warin ɗanyen wiwi ya cika unguwa, maƙwabta sun fito baranda, Madam Belluz har da kujera.

"Orest! Ka haukace ne? Tsaya!"

Bai ko ɗago ba. "Ba ruwanki, maƙwabciya. Gonata ce."

"Saura wata guda su nuna!"

"Ki koma wankanki, ana kallonki."

Sarauniya ta yi ƙara, ta karkata, kuma ba cikin gida ta karkata ba, lungu ta nufa, da furenta da komai. Larysa ta ƙwalla ihu: "Kada ta taɓa lungu! Wallahi in ta faɗi a hanya ina cikin kaki, ban san me zan ce ba!" Kafin ta rufe baki Sirkka ta ɗaga ƙofarta ta tsallaka, ƙafa ba takalmi, hannu ɗaya riƙe da tawul, ɗaya ta cafki igiya. Tuula ta biyo ta tana salati irin nasu. "Hagu!" in ji Sirkka. "Na ce hagu, Larysa, ba a koya muku hagu a wurin aiki? Ja!" Suka ja su uku, Sarauniya ta yi rawa a sama kamar tana shawara, sannan ta kwanta a kan teburin cin abinci, ta watsar da kofuna. Unguwa ta ɗauki tafi da shewa.

Sirkka ta saki igiya. Sai a lokacin ta tuna ai fushi take yi, kuma ga ta tsaye a gidan mutumin da tawul. Ta gyara ɗaurinta, ta ɗaga kai, ta koma nata ɓangaren ta ja ƙofa, ta tsaya a bayanta.

Orest ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. Ya shiga gida, ya fito da matashin kai a hammata da burushin haƙori a aljihun wando. Ya zo bakin lungu ya tsaya, ya ƙame kamar soja, ya sunkuyar da sanƙonsa gaban 'yarsa.

"Jami'a, duba ni da kyau. Na fara fure?"

Larysa ta ciji leɓe. Ta duba saman kan, ta leƙa bayan kunne. "Akwai 'yan fararen zare a cikin kunnen nan, Tato."

"Wannan tun kina firamare suke."

"To babu fure."

"Doka ta yarda a fita da ni inda jama'a ke bi?"

"Ta yarda."

Ya tsallako. Ya tsaya a gaban ƙofar Sirkka, ita a ciki, shi a waje, hannuwansa sun yi baƙi da danƙon shuka, yana haki har kafaɗunsa suna ɗagawa. Surutun nan nasa duk ya gudu.

"Na zauna na yi tunani," in ji shi, "abin da ban saba ba. Na ga tunda aka fara maganar nan, ke kaɗai ake ta ragewa. Ban taɓa tambayarki ko kina son barin gidanki ba. To ga ni. Gidan can Larysa ta san yadda za ta yi da shi. In akwai wuri a nan, ina so. In babu, zan koma in ci gaba da tari a bayan shinge."

Sirkka ta so ta yi magana mai nauyi, irin wadda ta dace. Abin da ya fito shi ne, "Wawan tsoho! Ai da ka jira wata guda ka girbe abinka, sannan ka zo ka yi wannan jawabin. Ka yi rani guda kana cire mata hula!"

"Na lissafa wannan ma." Ya gyara matashin a hammatarsa. "Shekarata saba'in da shida, Sirkka. Ban san watanni nawa suka rage mini ba. Ba zan ba ganye guda daga ciki ba."

Shewar maƙwabta ta mutu. Tuula ta ja hanci da ƙarfi, ta ce turiri ne ya shiga idonta. Sirkka ta tsaya tana kallon mutumin nan da ya bar gidan da ya haifi 'yarsa a ciki, ya taho mata da matashin kai ɗaya, sai ta ji tausayinsa da sonsa sun cika mata ƙirji har ta rasa inda za ta sa su. A duk rayuwarta ita take zuwa. Ba a taɓa zuwa mata ba.

"Ka sani dai," ta ce, "'yammatan nan nawa ne su huɗun. Ko ganye ɗaya ba za ka taɓa ba."

"Ko takin kifi?"

"Musamman takin kifi."

"Na yarda."

"Kuma gadona ƙarami ne."

"Ni ma na ƙanƙance," in ji Orest.

Ta sa hannu biyu ta buɗe masa, ta manta da abin da hannu ɗayan yake riƙe da shi. Tuula ta yi tsalle ta cafe tawul ɗin a kan lokaci, Madam Belluz ta rufe idon kyanwarta, Orest kuwa ya shigo yana kallon sama kamar mutumin kirki, kunnuwansa jawur, yana tambayar ta wane gefen gadon take kwana.